Yadda Ake Bin Salsalar Faransawan Kanada Ba Tare da Sunaye Sun Ɓatar da Kai Ba

Cikin al'ummomin da suka kafu a nahiyar Amurka, da wuya ka samu wadda takardun asalinta suka kai na Faransawan Kanada cika. Tun 1621 limaman cocin Katolika suke rubuta baftisma da aure da jana'iza a Kebek, wato Québec kamar yadda za ka gani a takardu. Daga 1679 kuma aka tilasta musu yin kwafi biyu na kowace rajista, ɗaya ta zauna a coci, ɗaya a miƙa wa kotu. Wannan tsari bai kau ba sai 1994, lokacin da gwamnatin lardin ta karɓi aikin. Shi ya sa ko gobara ta cinye coci, galibi akan tarar da kwafin kotu yana nan. Ga shi kuma tushen al'ummar ba shi da faɗi: waɗanda suka tsallako daga Faransa suka zauna har suka bar zuriya kafin Ingila ta ƙwace ƙasar a 1760 ba su wuce dubu goma ba.

Da wannan gata, abin da yake kayar da mai bincike shi ne sunaye. Mutum ɗaya sai a yi masa baftisma da suna ɗaya, a ɗaura masa aure da wani, a binne shi da na uku, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Don haka ƙa'idar aikin guda ce: ma'aurata ake bi. Sunan namiji shi kaɗai ba hujja ba ce, amma sunan miji haɗe da sunan matarsa na gidan ubanta da wuya ya maimaitu a gari ɗaya a zamani ɗaya.

Fara da abin da ke hannu

Ka fara daga mutum na ƙarshe da aka tabbatar, ka riƙa komawa baya tsara ɗaya bayan ɗaya. Kada ka ɗauko wani sanannen kaka na 1660 ka ce za ka gangaro da shi zuwa yau, nan ne ake ƙulla dangantakar da babu ita. Ka tattara sunan mutumin, sunan matarsa kafin aure, garin da suka zauna, da kusan shekarar aurensu. In ba a san shekarar ba, ɗauki ranar haihuwar ɗan fari ka rage shekara ɗaya zuwa uku.

Ka ba kowa lamba tun daga farko. Wanda ake bin asalinsa shi ne 1, ubansa 2, uwarsa 3. Uban kowane mutum ninkin lambarsa ne, uwarsa kuwa ninkin a ƙara ɗaya. Ban da mai lamba 1, maza duk lambobi masu rabuwa biyu, mata masu saura. A tsara ta goma sama da mai lamba 1 akwai gurabe 1,024, kuma za ka ga ma'aurata ɗaya sun cike gurbi uku ko biyar, saboda an daɗe ana auratayya a cikin ƙauyuka ƙalilan na gaɓar kogin Saint-Laurent. Wannan ba kuskure ba ne, haka al'ummar take.

Takardar aure ita ce sarƙar

Limamin Katolika a Kebek ba ya rubuta aure sai ya ambaci iyayen ango da na amarya, kuma uwayen da sunan gidan ubansu. Mace a wannan al'umma ba ta rasa sunanta na haihuwa a takardar coci ko ta hukuma, tun daga baftisma har kabari. Ke nan takardar aure ɗaya tana ba ka ma'aurata biyu sababbi, kowanne ka nemo takardar aurensa, ita ma ta ba ka biyu. Haka ake hawa har a kai bakin teku.

Ba sai ka ƙware a Faransanci ba, domin kalmomin ba sa canzawa sosai. Wanda ya yi makaranta a Nijar ko Kamaru ko Chadi zai karanta cikin sauƙi da zarar idonsa ya saba da rubutun hannu. Takardar takan fara da kwanan wata a rubuce da kalmomi, sai «après la publication de trois bans», wato bayan an yi shelar auren sau uku a coci. Sai sunan ango, da «fils majeur de» ko «fils mineur de», sai iyayensa. Sai «d'une part», sai amarya da «fille de», sai «d'autre part». In ka ga «feu» ko «défunt» kafin sunan uba, ko «feue» ko «défunte» kafin na uwa, to sun rasu kafin ranar, kuma ka samu iyakar shekarun da za ka nemi jana'izarsu. «De cette paroisse» na nufin mazauna yankin wannan coci ne. In an ambaci wani gari daban, rubuta shi nan take, can za ka nufa.

Kula da majeur da mineur. A zamanin mulkin Faransa mutum ba ya cin gashin kansa a doka sai ya kai shekara 25. Daga 1783 aka mai da shi 21. Wanda ya ɗauka cewa «mineur» a 1740 yaro ne ɗan ƙasa da 21 zai tsallake shekaru huɗu da baftismar take ciki.

Abubuwa uku suke tsinka sarƙar a nan. Na farko, aure na biyu. Idan ango ya taɓa aure matar ta rasu, liman ba ya ambaton iyayensa, sai ya rubuta «veuf de» da sunan marigayiyar. Haka ma mace, «veuve de». Dole ka nemo auren farko, can iyayen suke. Wani ya yi aure uku, sai ka bi su a jere da baya. Na biyu, neman aure a garin ango. Al'ada ita ce a ɗaura a cocin amarya, don haka in ba ka gani a garinsa ba, duba garuruwan da ke kewaye, har da na tsallaken kogi, domin kogin hanya ce a wurinsu, da kwale-kwale da rani, bisa ƙanƙara da hunturu. Na uku, sabon gari da bai samu limami ba tukuna. Takardunsa na shekarun farko suna cikin rajistar tsohuwar cocin da aka yanke shi daga cikinta, ko ta limamin da yake zagayawa.

Idan kana laluben rajista shafi-shafi, fara da Janairu da Fabrairu, sannan Oktoba da Nuwamba. Ba a cika ɗaura aure a makonnin da ke gabanin Kirsimeti ba, haka ma lokacin azumin da ke gabanin Ista.

Kada ka wuce jimlar da ta ce «dispense de consanguinité». Izini ne daga bishop saboda ango da amarya 'yan'uwa ne, kuma ana faɗin matakin. Mataki na biyu, kakanninsu ɗaya. Na uku, iyayen kakanninsu ɗaya. Na huɗu, kakannin kakanninsu ɗaya. In bishiyar da ka gina ba ta nuna wannan haɗuwa ba, to akwai reshen da ka ɗora a inda ba wurinsa ba.

Laƙabin «dit»

Nan ne zuciyar matsalar. Za ka ga an rubuta Hudon dit Beaulieu, ko Audet dit Lapointe, ko ga mace «dite». Ma'anarsa «wanda ake ce wa». Na farko sunan dangi ne, na biyu laƙabi ne da ya manne har 'ya'ya da jikoki suka gada. Abin ya yi kama da yadda sunan gari ya zame wa Aminu Kano ko Shehu Shagari sunan da duniya ta san su da shi, sai dai a Kebek laƙabin yakan kori sunan asali gaba ɗaya bayan tsara uku ko huɗu.

Babbar mashigarsa aikin soja ne. Sojan Faransa yakan samu sunan yaƙi ranar da ya shiga aiki, kuma daga 1716 abin ya zama doka ga ƙananan sojoji. Rundunar Carignan-Salières ta iso a 1665 da mutum kusan 1,200 don yaƙar Iroquois, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar, kimanin 400 daga cikinsu suka zauna bayan an sallame su. Bayansu sojojin ma'aikatar ruwa suka yi ta zuwa har ƙarshen mulkin Faransa. Sunayen bariki kana ganinsu ka gane: na furanni da tsirrai kamar Lafleur, Larose, Latulippe, Laviolette, Laframboise, da na hali kamar Jolicoeur, Sansregret, Sanschagrin, Bellehumeur, Vadeboncoeur, Tranchemontagne. Wilfrid Laurier, firaministan Kanada daga 1896 zuwa 1911, daga zuriyar wani sojan Carignan ya fito, mai suna François Cottineau dit Champlaurier. Cottineau ya ɓace, Champlaurier ya gajarce. Calixa Lavallée, wanda ya tsara kiɗan taken Kanada, an haife shi a 1842 cikin dangin Paquet dit Lavallée, shi ma daga sojan wannan runduna ya fito.

Wasu laƙuban suna nuna mahaifa a Faransa: Langevin daga Anjou, Potvin daga Poitou, St-Onge daga Saintonge, sai Picard, Normand, Champagne, Bourguignon, Parisien. Alama ce mai amfani, amma alama ce kawai, sai takarda ta tabbatar.

Kashi na uku a cikin Kanada aka haife shi, don bambance 'yan'uwa. Gida mai 'ya'ya maza bakwai, kowa ya haifi goma, duk a ƙauye ɗaya, ai dole a nemi abin rarrabewa. Dubi dangin Rivard. Nicolas Rivard dit Lavigne da ƙanensa Robert Rivard dit Loranger sun fito daga Tourouvre a yankin Perche, suka zauna a wajejen Batiscan. Zuriyarsu a yau tana amsa Rivard, Lavigne, Loranger, Lacoursière, Lanouette, Dufresne, Bellefeuille, Maisonville da wasu. A yankin Sorel, zuriyar Paul Hus ta rabu zuwa Cournoyer, Millet, Latraverse, Lemoine da Paulhus. Wannan na ƙarshe sunan yanka da sunan dangi ne suka narke wuri ɗaya, kamar yadda Gaston Guay ya zama Castonguay.

Tarkon yana da baki biyu. Dangi ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi goma, kamar Rivard. Laƙabi ɗaya kuma yana iya zama na dangi goma da ba su haɗa jini ba. Lapointe yana iya zama Audet, ko Desautels, ko Tousignant. Beaulieu yana iya zama Hudon ko Martin. Lafleur kuwa kusan kowane kamfanin soja yana da nasa. Mutum biyu masu suna Lapointe a gari ɗaya ba lallai 'yan'uwa ba ne.

Ga yadda za ka yi da shi a aikace. Duk sunan da ka ci karo da shi, buɗe jerin laƙuba, irin wanda ke ƙarshen manyan kundayen salsala ko a rumbun PRDH na Jami'ar Montréal, ka rubuta duk sunayen da aka taɓa haɗa shi da su, ta gaba da ta baya. Sai ka nemi auren da kowannensu, kana riƙe da sunan matar. Ita ma ka yi mata haka, domin ita ma tana iya zama «dite». Idan miji yana da siffa uku mata tana da biyu, bincike shida za ka yi kafin ka ce babu. Ka sa ran ganin Audet dit Lapointe, da Lapointe dit Audet a juye, da Audet-Lapointe, da Audet kawai, da Lapointe kawai, duk a kan mutum ɗaya. Limamin da ya daɗe a gari yakan rubuta sunan asali, sabon zuwa yakan rubuta abin da ya ji ana kira. Saboda haka canjin suna a rajista sau da yawa canjin limami ne, duba sa hannun da ke ƙasa.

A rabi na biyu na ƙarni na 19 iyalai suka riƙa zaɓar ɗaya su yar da ɗaya, kuma ba su yi shawara da juna ba. A dangin Roy dit Desjardins, wa ya riƙe Roy, ƙane ya riƙe Desjardins. Kaɗan suka haɗa biyun da karan ɗori, kamar Miville-Deschênes da Gérin-Lajoie. Tsakanin 1850 da 1900 ne aka fi ɓatar da sawu, don haka a wannan zango ka karanta baftismar dukan 'ya'yan gidan, ba ta kakanka kaɗai ba. Cikin goma, ɗaya za ta ɗauko sunayen biyu tare.

Kada ka rikita «dit» da «de» na masu ƙasa. 'Ya'yan Charles Le Moyne na Montréal sun ɗauki sunayen filaye: de Longueuil, d'Iberville, de Bienville, wanda ya kafa New Orleans a 1718. Kuma ganin «de» ko «sieur» gaban suna ba ya tabbatar da sarauta. Attajirai da hafsoshi da yawa sun yi amfani da su.

Rubutu da kwanan wata

Yawancin mutanen ba su iya rubutu ba, takardun da kansu suna faɗa: «ont déclaré ne savoir signer». Liman yana rubuta abin da kunnensa ya ji. Ka furta sunan da baki, sannan ka tambayi kanka ta hanya nawa za a iya rubuta wannan sauti. Harafin H na farko yana zuwa yana tafiya: Hébert da Ébert, Émond da Hémond. Ƙarshen suna mai sautin «o» yana iya zama -eau, -ault, -aud, -ot ko -o. Guyon ya zama Dion a wasu rassa. Kakan dangin Ouellet an rubuta shi Hoûallet. A tsohon rubutu dogon «s» yana kama da «f», «u» da «n» kuma ba su da maraba, abin da ya sa masu kwafe rajista zuwa fihirisa suke ƙirƙiro sunayen da ba a taɓa yi ba.

Watanni huɗu na ƙarshen shekara ana gajarce su da lamba: 7bre Satumba ne, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre ko 10bre Disamba. Wanda ya karanta 7bre a matsayin Yuli ya yi kuskuren wata biyu, kuma wannan kuskure ya cika bishiyoyin da ke intanet. A takardar baftisma, ranar da ke sama ta baftisma ce. Ranar haihuwa tana ciki: «né ce jour» yau, «né la veille» ko «hier» jiya, «avant-hier» shekaranjiya. «Ondoyé» na nufin an zuba wa jariri ruwa a gida saboda tsoron kada ya mutu, sai daga baya a kammala a coci, wani lokaci bayan watanni in hunturu ya rufe hanya. Shekarun da ake rubutawa a takardar jana'iza, musamman masu «environ», ƙiyasi ne, kuma na tsofaffi an fi ƙara musu.

Sunan yanka

A ƙarni na 17 da na 18 jariri yakan ɗauki sunan uban baftismarsa, jaririya ta ɗauki na uwar baftismarta, su kuwa galibi kakanni ne ko baffanni da gwaggwanni. Rubuta sunayensu koyaushe, su ne suke raba gardama idan aka samu mutum biyu masu suna ɗaya. Idan yaro ya mutu akan mayar da sunansa ga na bayansa, har sau biyu ko uku. Kafin ka amince cewa Pierre ɗin da aka haifa a shekara kaza shi ne ya yi aure, duba jana'izar shekarun da suka biyo baya. Mutuwar jarirai tana da yawa ƙwarai, kuma sau da yawa ango ƙanen wanda kake zato ne. Akan ma samu 'yan'uwa biyu rayayyu da suna ɗaya, a kira su «l'aîné» da «le jeune».

Daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20 aka saba fara sunan kusan kowane yaro da Joseph, kowace yarinya da Marie, sai wani suna a tsakiya, sau da yawa na uban baftisma, sannan na ƙarshe shi ne wanda ake kiransa da shi a gida. Idan fihirisa ta ajiye shi a ƙarƙashin Joseph alhali kai Télesphore kake nema, ba za ku haɗu ba. Nemi da sunayen iyaye kawai, ka bar gurbin sunan yaron fanko. Jean-Baptiste yakan zama Baptiste ko Jean, Marie-Josèphe ta zama Josephte ko Josette, François-Xavier ya zama Xavier ko F.X. Namiji ma yana ɗaukar Marie, kamar Jean-Marie.

Idan reshen ya gangara Amurka

Tsakanin 1840 da 1930 mutum kusan 900,000 suka bar Kebek zuwa Amurka, akasarinsu zuwa masaƙun garuruwan Lowell, Fall River, Holyoke, Manchester, Lewiston da Woonsocket. Can sunan ya sake shan wani juyi. Wasu an fassara su: Roy ya zama King, Leblanc White, Boisvert Greenwood, Boulanger Baker, Lapierre Stone, Courtemanche Shortsleeves. Wasu an rubuta su da kunnen mai jin Ingilishi: Benoît ya zama Benway, Gauthier Gokey, Choquette Shackett, Ouellette Willett, Thibault Tebo, Hébert Abare. An fi samun irin wannan a Vermont da arewacin New York, wajen waɗanda suka riga zuwa kafin a buɗe cocin masu jin Faransanci.

A ce ka samu wani King a Lewiston wanda ƙidayar Amurka ta ce a Kanada aka haife shi. Mataki na farko, mayar da shi Roy. Na biyu, tambayi wane Roy, domin akwai kakanni da yawa masu wannan suna. In na yankin Kamouraska ne, wataƙila daga zuriyar Antoine Roy dit Desjardins ya fito, kuma iyayensa suna iya kasancewa a rubuce da Desjardins ko Lauzier ko Voisine. Juyi biyu ke nan a kan suna ɗaya, kuma sunan matar ne kaɗai zai nuna maka ƙofa.

Takardar hukumar gari a Amurka takan tsaya a «Canada». Nemi ta cocin Faransawan garin, limaminta ɗan Kebek ne, ya rubuta sunan daidai, wani lokaci har da garin asali. Daga 1908 dokar coci ta sa a riƙa rubuta labarin aure a gefen takardar baftismar mutum a cocinsa na asali, don haka auren da aka ɗaura a Massachusetts yana iya bayyana a gefen shafi a wani ƙauyen Kebek. Rajistar masu tsallaka iyaka ta fara a 1895, ana kiranta jerin St. Albans. Ƙidayar Amurka ta 1890 kusan duk ta ƙone, kada ka ɓata lokaci a kanta. Ƙungiyoyin salsala na Woonsocket da Manchester sun tattara aurarrakin waɗannan coci-coci.

Inda ake nema, da yadda za a yarda da kowanne

PRDH shiri ne na Jami'ar Montréal da aka fara a 1966. Ya haɗa takardun Katolika daga 1621 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ya ware wa kowane mutum da kowane gida shafinsa, ya kuma daidaita rubutun sunaye da laƙuba. Ga zamanin mulkin Faransa, nan ya fi dacewa ka fara. Tarin Drouin hotunan rajistocin ne da kansu, an ɗauke su a fim a shekarun 1940, ana samunsu a shafukan intanet na Généalogie Québec da Ancestry. FamilySearch ma yana da hotunan rajista da yawa kyauta. Kundin Cyprien Tanguay, juzu'i bakwai da suka fito tsakanin 1871 da 1890, babban aiki ne, amma yana da kurakurai sanannu, musamman haɗa mutum biyu masu suna ɗaya. Na René Jetté na 1983, wanda ya tsaya a 1730, ya fi shi inganci nesa. Ko wanne ka yi amfani da shi, fihirisa jagora ce zuwa takarda, sai ka buɗe hoton ka karanta da idonka. Rajistar birnin Kebek ta kafin 1640 ma a yi hattara da ita: ta asali ta ƙone a wannan shekara, daga ƙwaƙwalwar mutane aka sake rubuta ta.

Ƙidayar 1666, wadda Jean Talon, babban jami'in sarkin Faransa a ƙasar, ya gudanar ta samu mutum 3,215, da ta 1667 da ta 1681, sun lissafa kowa da sunansa da shekarunsa. Daga 1851 ƙidayar Kanada ta koma ambaton kowane ɗan gida, ta 1901 har da ranar haihuwa.

Idan rajistar coci ta ɓace, koma wajen notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta yarjejeniya. Ƙarƙashin dokar gargajiyar Faris da aka ɗora wa ƙasar a 1664, ma'aurata da yawa sukan rubuta yarjejeniyar dukiya kwanaki kaɗan kafin aure, kuma tana ɗauke da iyaye da garin asali da jerin dangin da suka halarta, kowa da dangantakarsa. Takardun Becquet da Duquet da Rageot na birnin Kebek, na Basset da Adhémar na Montréal, da na Ameau na Trois-Rivières suna BAnQ, ma'adanar takardun lardin Kebek. Yi hattara da abu ɗaya: yarjejeniya ba aure ba ce. Cikin matan da sarkin Faransa ya ɗauki nauyin kawowa tsakanin 1663 da 1673, su kusan 770, waɗanda ake kira Filles du roi, da dama sun soke yarjejeniyar farko suka auri wani. Lissafin kayan mamaci da takardar naɗa wa marayu waliyyi su ma suna jera 'ya'ya da shekarunsu da mazajen 'yan matan.

Rassan da ba su bi wannan tsari ba

Mutanen Acadie, tsohon yankin Faransawa a gaɓar tekun gabashin Kanada, daban suke. Ingila ta kwashe su daga 1755, rajistoci da yawa suka salwanta, sai an haɗa da ƙidayoyi da izinin auren dangi. Cibiyar nazarin Acadie ta Jami'ar Moncton ce madogara a nan.

Wasu sunayen da suka yi kama da Faransanci ba daga Faransa suke ba. Phaneuf daga Matthias Farnsworth ne, wanda aka kamo daga garin Groton na Massachusetts a 1704. Raizenne daga Josiah Rising ne, wanda aka kamo a harin da aka kai garin Deerfield na Massachusetts a shekarar. Dassylva daga Pedro da Silva ɗan Fotugal ne.

'Yan asalin ƙasar kuwa sukan bayyana da sunan baftisma kaɗai, ko da sunansu na gida da aka rubuta da alama mai kama da 8 a madadin sautin «u». Nemi rajistar mishan irin su Sault-Saint-Louis, Lac-des-Deux-Montagnes da Lorette. Rashin sunan iyaye shi kaɗai ba ya nufin mace 'yar asalin ƙasa ce, wannan zato ya lalata bishiyoyi da yawa. An kuma yi bauta a ƙasar. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙidaya bayi kusan 4,200, kashi biyu cikin uku 'yan asalin ƙasa da ake kira «panis», sauran baƙar fata. Takardunsu sukan ce «appartenant à», wato mallakar wane, kuma wasu sun ɗauki sunan ubangidan. Na farko da aka sani daga Afirka, Olivier Le Jeune, an yi masa baftisma a 1633. Jaririn da aka rubuta «né de parents inconnus» kuwa, sunan da ya girma da shi na iya zama na masu riƙonsa ko sunan yanka da ya zame masa na dangi.

Tsallakawa Faransa

Takardar auren mutumin farko da ya iso takan faɗi iyayensa da cocinsu da yankin bishop ɗinsu a Faransa. Liman da kunne ya rubuta sunan ƙauyen, don haka riƙe yankin, ka laluba ƙauyukan cikinsa masu kama da sautin. Yawancinsu daga Normandie, Perche, Faris, Poitou, Aunis da Saintonge suka fito. Kafin ka fara, duba Fichier Origine, rumbun da ke tattara takardun baftismar da aka riga aka gano a Faransa. In babu, ma'adanun lardunan Faransa sun sa rajistocinsu a intanet kyauta. Da sunan dangi za ka nema a can, domin laƙabin bariki ba ya cikin takardar baftisma.

In takardar aure ba ta faɗi gari ba, gwada yarjejeniyar aure, da rajistar marasa lafiya ta asibitin Hôtel-Dieu na Kebek wadda ta fara a 1689, da shaidar rashin aure da aka riƙa karɓa daga sojoji da baƙi tun 1757. Wanda ya fito daga La Rochelle kuma ba a gan shi a cocin Katolika ba, duba rajistar Furotesta, domin an hana su zama a ƙasar tun 1627, wasu sai da suka sauya ɗarika. Kada ka amince da takardar Faransa sai sunan uba da na uwa duk sun dace da na takardar Kanada, shekarun kuma sun yi kusa. In ɗaya ne kawai ya dace, rubuta «mai yiwuwa» a gefensa ka bar gurbin iyayen a buɗe.